Gumin da Muka Yi wa Murna

Assalamu alaikum. Na daɗe ina cewa zan rubuta labarin jinyar yayana, ina fasawa, domin duk sanda na zauna sai warin nan ya dawo mini a hanci. Amma ga damina ta sake kamawa. Jiya a kasuwar Batsari na ga wani bawan Allah ya sayi kwalbar maganin feshi ya cusa ta a buhu ɗaya da garin tuwonsa, yana ta raha da mai shago. Na dawo gida na ce yau kam sai na rubuta.

Ni malamar firamare ce a Batsari. Asalinmu wani ƙauye ne a bayan Runka, a ƙasar Safana. Can mahaifiyarmu take, Inna, tare da yayanmu Haruna da matarsa Saude da yaransu, su Ummi. Babanmu ya daɗe da rasuwa, Yaya Haruna ne ya riƙe gidan, da nomansa na yi karatu. Shi ne ɗan fari, kuma wanda ya san mutanenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan". In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. In ya kwanta zazzaɓi, ni za ta aika da kunu, ta ce in ce Saude ce ta dama. Har tsokanarta nake yi, in ce Inna faɗi sunan sau ɗaya in saya miki atamfa. Sai ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido, boko ya gama da ke."

Tun da mutanen daji suka addabi yankinmu, noma ya sauya. Da can da sanyin safiya ake feshi. Yanzu ba mai fita sai hantsi ya ɗaga an ji hanya lafiya, kuma kafin la'asar kowa ya bar gona. Bara waken Yaya ya yi kyau, sai tsutsa ta faɗa masa yana cikin fure. Ya sayo magani na awo, irin wanda ake tsiyayo wa mutum a tsohuwar robar lemo, ba suna ba takarda. Ya ninka haɗin don kada ya sake komawa gonar, ya goya tankin feshi da tsakar rana. Tankin yana yoyo. Ruwan da ke bin bayansa yana gangarowa kugunsa, shi duk a zatonsa gumi ne. Da bakin feshin ya toshe kuma, ya cire ya hura da bakinsa, yadda kowa ke yi a can.

Ina cikin aji Saude ta kira ni. Ban gane muryarta ba da farko.

"Malama, ki zo. Baban Ummi ne. Ya dawo gona yana amai, yanzu kuma kumfa ke hita bakinai."

Na ce me aka yi masa? Ta ce Kawu Sale ya sa an ɗura masa nono. Kawu Sale ƙanen Inna ne, shi ne babban namiji da ya rage mana. A wajenmu duk wanda ya sha abu mai dafi nono ake ba shi, ko manja, ni kaina haka na taso na sani. Suka ɗora shi a babur, Kawu ya riƙe shi ta baya, zuwa wani kemis a Runka. Allah Ya saka wa mai kemis ɗin nan da alheri. Bai ce bari ya gwada ƙarin ruwa ba. Yana jin warin ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya fita da kansa ya tare musu a-kori-kura.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba. Waɗanda suka yi mana alheri a can ba su nemi a ambace su ba, waɗanda suka ɓata mana rai kuma na bar su da Allah. Na riga su isa, ina tsaye a bakin ƙofa motar ta shigo. Wallahi da ba don rigarsa ba, da ban gane shi ba. Ya jiƙe sharkaf kamar an tsamo shi daga rijiya. Miyau na dalala, hawaye na zuba ba kuka ba, majina, fitsari, komai ya kwance. Naman cinyarsa da na fuskarsa sai motsi suke su kaɗai. Numfashinsa kuwa, in ya ja sai ka ji kwarr, kamar ana zuƙar ragowar kunu da tsinke. Ga wari mai hawa kai, tsakanin kananzir da tafarnuwa.

Mai yankan kati ya ce mu bi layi. Na ce malam dubi mutumin nan, ya ce kowa ma mara lafiya ya kawo. Ina shirin yi masa rashin mutunci sai wata nas, babbar mace, ta zo wucewa. Ta tsaya cak, ta shaƙi iska, ta ce, "Maganin feshi ne? Ku biyo ni, katin ya same mu a ciki."

Suka sa safar hannu, suka yanke kayan jikinsa da almakashi, suka wanke shi da sabulu tun daga gashin kai. Nas ɗin ta ƙulle kayan a leda ta ce duk abin da ya yi feshi da shi ƙonewa za a yi, har takalmi da hula. Likitan matashi ne siriri mai tabarau. Ya ɗaga fatar idon Yaya ya haska, ya ce in duba. Baƙin da ke tsakiyar idon ya ƙanƙance, bai fi kan allura ba. Ya tambayi sunan maganin, muka miƙa masa robar lemo. Ya dube ta, ya dube mu. Da ya ji an ba shi nono sai ya dafe kai. Ya ce mutumin da ba ya iya haɗiye miyansa, in an ɗura masa abu huhu yake tafiya.

Sannan ya yi mini bayanin da har yau yake kaina. Ya ce, "Malama, wannan dafin buɗe duk famfunan jiki yake yi, har mutum ya nutse a cikin ruwan jikinsa. Makarinsa wata allura ce, atirofin. Za mu yi ta yi masa muna ninkawa. Kada yawanta ya ba ku tsoro. Ba za mu tsaya ba sai ƙirji ya bushe."

Haka aka yi. A yi allura, ya kara abin sauraro a ƙirji, ya girgiza kai, a ninka. 'Yan kwalabe ne ƙanana, nas tana fasa wuyansu tana tarawa a tire har suka yi tsibi. Ana cikin haka na asibitin suka ƙare. Na fita da takarda ina bin kemis-kemis a guje, ni da ban taɓa gudu a titi ba tun da na yi aure. Akwai magani na biyu da likita ya so a haɗa, mai dogon suna da ya fi ƙarfin bakina, ya ce shi yana kwance dafin ne daga inda ya maƙale, kuma da wuri yake aiki. Duk garin babu. Sai da muka aika Katsina, ya iso a makare. Wannan abu har yanzu yana ci mini rai: kowane lungu ana sayar da dafin, amma makarinsa sai an yi tafiya. Kafin magariba dai likita ya ɗago kai ya ce ƙirji ya fara bushewa. Aka bar masa allurar a cikin ƙarin ruwa tana ɗiga a hankali.

Washegari Inna ta iso. Ba ta shiga ɗakin ba. Ta shimfiɗa tabarmarta a baranda, ta ba tagar ɗakin baya, ta ɗauko carbi. In na fito ba za ta ce ya jikinsa ba. Sai ta ce, "Mutanen ciki sun samu abin karyawa?" Ni kuma in ba ta labarin duka, tana kallon wani waje kamar ba da ita nake ba.

Abin da ba mu shirya masa ba shi ne abin da allurar kanta take yi. Mutumin da aka kawo a jiƙe ya koma ƙamas. Jikinsa ya ɗau zafi rau, ba ɗigon gumi, leɓɓansa suka tsattsage, idon da ya ƙanƙance ya buɗe warwar, zuciya na bugawa har ana ganinta a wuya. Sai sambatu. Yana tsintar abin da babu a kan bargo, yana kora shanun da muka sayar tun ina yarinya. Likita ya ce aikin allurar ne, zai wuce, zai rage ta kaɗan amma ba zai cire ba. Ya ce gara mai sambatu da yake numfashi.

'Yan dubiya fa ba su yarda ba. Kowa ya zo da tasa. Wata gwaggo ta ce iska ce ta buge shi a gona, ai an san tsamiyar da ke wajen. Wani ya ce a jiƙa masa gawayi da manja. Wani ya ce akwai malami a Zakka da ke sauke irin wannan a zama ɗaya. Kawu Sale, wanda ragonsa na layya ya tafi a kan jinyar nan ba tare da ya ɗaga murya ba, ya ja ni gefe.

"Ke ɗiyata, ke kika yi boko. Lahiya lau da hankalinai munka kawo shi, ko? Dahi bai haukata shi ba, allurar ga ce. Ki ce su cire, mu tai da shi gida."

Na ce, "Kawu, da hankalinsa kuka kawo shi, amma yana mutuwa." Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ran nan. Na shiga bayan ɗaki na yi kuka.

Sambatun ya ƙara muni. Ya daina ganin shanu, ya koma ganin mutanen daji. Da rana tsaka zai zabura yana nuna taga. "Ga su nan! Ku ji baburan! Saude, kwashe yara!" Sai ya shiga lalubar kugunsa, yana yagar zanen da aka rufa masa. "Ina guruna? Wa ya ɗauke mani guru? Za su harbe ni!" Ya fizge robar ƙarin ruwa har jini ya ɓata gado, dole aka ɗaure hannayensa da bandeji. Muryarsa har baranda. Na leƙa na ga Inna ba ta juyo ba, amma carbin ya tsaya a hannunta.

Na san yana da guru. Ɗamara ce ta jar fata, an ɗinke layu a cikinta, ana ɗaurawa a kugu ƙarƙashin riga. Tun da aka fara tare mutane a gona, da wuya ka samu magidanci a wajenmu da ba ya ɗaura irinta. Ni ban yarda da ita ba, mun sha musu da shi a kai. Amma ranar da aka yanke kayansa ina tsaye, ban ga komai a kugunsa ba, don haka ban sake tunawa da ita ba.

Wata rana a ƙarshen satin farko, na dawo daga sayen magani bayan azahar, na tarar ɗakin tsit. Yaya yana barci. Saude ta tare ni da fara'ar da na manta tana da ita.

"Malama, taɓa goshinai."

Na taɓa. Gumi ne, tsaf-tsaf, kamar raɓa. Leɓɓansa sun yi laushi, jikin ya yi sanyi. Kowa ya sani a wajenmu, in mai zazzaɓi ya yi gumi to ciwo ya karye. Saude ta yi sujada a kan simintin asibiti. Kawu ya fita yana buga waya ƙauye, yana cewa a gaya wa kowa an samu sauƙi. Ni kaina, mai boko, na sayo lemo na raba wa 'yan ɗakin. Na je na gaya wa Inna, ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da jan carbi.

Da safe likita ya zo zagaye. Ya kara abin sauraro, na ga fuskarsa ta canja. Ya ɗaga idon Yaya. Ya ce tun yaushe yake gumi? Na ce tun jiya, cikin murna. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Me ya sa ba ku kira kowa ba? A wannan ciwon gumi ba sauƙi ba ne. Gumi dafin ne ya dawo."

Aka koma farko: allura, saurare, ninkawa. Ƙirji ya bushe, zafi ya dawo, sambatu ya dawo, ihun guru ya dawo. Bayan azahar kuma sai ya lafa, gumi ya tsatso. Yanzu mun san ma'anarsa, da gudu muke kiran nas. Haka muka shiga sati na biyu, a bushe da safe, a jiƙe da yamma. Likita ya tara mu ya tambaya ko wani ya kawo masa kaya daga gida, ko ana ba shi wani abu a ɓoye. Muka rantse. Ya ce to akwai irin dafin da ke ɓuya a kitsen jiki yana fitowa kaɗan-kaɗan, wataƙila shi ne. Amma na ga bai gamsu ba.

Sai wani sabon abu. Kullum likita yakan ce, "Malam Haruna, ɗaga kanka daga filo." Da yana ɗagawa. Ran nan ya yunƙura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, kan bai motsa ba. Likita ya fito da ni waje. Ya ce in wuya ya saki, naman da ke jan numfashi ne ke biye. In ya kai haka sai injin numfashi, su kuma ba su da shi, sai babban asibiti. Ya ce ba zai ɓoye mini ba, bai tabbata Yaya zai kai can da rai ba, bai kuma tabbata zai kai jibi a nan ba. Ya ce mu yi shawara. Na tsaya a barandar nan. Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta ranar da rafi ya kawo, yau an ce in zaɓa masa inda zai mutu.

A kwanakin na lura Inna ba ta jin daɗi. Tana yawan tofar da miyau a gwangwani, tana share ido da bakin mayafi, ta ce kanta ke sarawa. Na ɗauka kukan da ba ta iya yi a gabanmu ne yake fita ta wata hanya. Amma ran nan bayan azahar, ina zaune kusa da ita ina neman yadda zan faɗa mata maganar likita, sai ta juya ta kelaya amai. Gumi ya jiƙa mata wuya. Ta ce ba komai, ɗumamen safe ne. Na ce Inna yau ko za ki tsine mini sai an duba ki. Na ja ta zuwa wajen nas ɗin nan da ta karɓe mu ranar farko.

Nas ta auna ta, ta haska idonta. Ta sake haskawa. Ta ajiye tocilan ta aika a kira likita. Shi ma ya duba, sannan ya durƙusa a gabanta.

"Mama, kin je gona kwanan nan?"

"Ina nan zaune, ɗana, ina ni ina gona."

"Kin taɓa kayan da ya yi feshi da su?"

Inna ta kau da kai.

"Mama, idonki irin nasa ne ranar da aka kawo shi. Abin da ke jikinsa yana jikinki. In akwai abin da kika sani, yanzu ne lokacin faɗa."

Inna ta sunkuyar da kai. A daidai nan ihun Saude ya taso daga ɗaki. Muka kwasa a guje. Yaya ya jiƙe, kumfa a bakinsa, ƙirjin yana ɗagawa da ƙyar, leɓɓansa sun fara yin duhu. Likita yana ba da umarni, nas tana fasa kwalabe, wani ya kifa masa robar iska a fuska yana matsawa. Aka kori Kawu da 'yan dubiya waje.

Sai ga Inna a bakin ƙofa. Matar da ba ta taɓa taka ɗakin nan a gaban idonmu ba. Ta ratsa tsakanin likita da nas kamar ba ta gan su ba, ta yaye zanen da ke kugunsa. Ga gurun nan, jar fatar ta yi baƙi, ta lafe a jikinsa, fatar wajen ta yi ja ta saɓule. Ta kama ƙullin, ya ƙi kwantuwa. Ta miƙa wa nas hannu ba tare da ta dube ta ba. Nas ta ba ta almakashi. Da ta datse shi, warin da ya tashi shi ne warin ranar farko.

"Shi ya nema," in ji Inna, muryarta ƙasa-ƙasa. "Sale ya kwance shi a mota, ya ba ni, ya ce asibiti ƙonewa su kai. Na ji yana kuka za a harbe shi. Na ɗaura mai, ya yi shiru, ya yi zuhwa. Na ce sauƙi ne."

Ashe kullum in mun tafi sallar azahar, Saude ta fita wanke kwanuka, sai ta lallaɓa ta ɗaura masa. Kafin zagayen safe ta kwance, ta ɗaura a nata cikin, ƙarƙashin zane, don kada a gani. Ko da muka gaya mata gumi ba sauƙi ba ne, ba ta kawo guru a ciki ba. A wajenta abin tsari ne, ta yaya zai cuci mai shi? Daga baya Kawu ya gaya mini ita ta sayar da akuyarta aka yi gurun, ta ba shi ya kai wa Yaya, ta ce kada ya kuskura ya ce daga ita ne.

Likita bai yi mata faɗa ba, ba lokaci. Ya sa safar hannu ya jefa gurun a leda, ya ce fata tana shan wannan maganin ta riƙe, ko an wanke ba ya fita. Aka shiga wanke kugun da sabulu, allura na bin allura. Yaya ya daina yunƙurin jan numfashi da kansa, idonsa ya tafi sama. Nas ta ce, "Ku kira shi! Ku kira sunansa da ƙarfi, ya ji ku!"

Na ce, "Yaya! Yaya!" Bai motsa ba. Saude tana kuka tana "Baban Ummi", domin ita ma bakinta bai taɓa kama sunan mijinta ba. Nas ta daka mana tsawa, ta ce sunansa ta ce, ba shi da suna ne? Muka dubi juna. Kafin in buɗe baki, Inna ta sunkuya ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta kai bakinta kunnensa.

"Haruna."

Tsigar jikina ta tashi.

"Haruna, ni ce. Na cire shi, ba mai harbinka. Ja numhwashi, Haruna."

Ban ce muryarta ce ta dawo da shi ba. Allurar tana shiga, mai robar iska bai tsaya ba, kuma Allah bai ƙaddara kwanansa ya ƙare ba. Abin da na gani da idona kawai zan faɗa: ƙirjin ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa. Likita ya daɗe yana saurare, sannan ya ce a hankali, "Yana bushewa."

Wannan karon da ya bushe bai sake jiƙewa ba. Likita mutum ne mai gaskiya, ya ce ba zai rantse gurun ne kaɗai ba, amma tabbas yana ƙara wa wutar itace. Ba a kai ga tafiya babban asibiti ba. Inna ma sai da aka kwantar da ita a ɗakin mata aka yi mata irin allurar, tana mita wai an mayar da ita majinyaciya a kan ɗan ciwon kai. A sati na uku aka janye allurar a hankali, sambatu ya wuce. Ranar da Yaya ya ɗaga kansa daga filo, nas ɗin nan ta tafa masa kamar yaron da ya fara tafiya. Ƙafafunsa sun daɗe ba ƙarfi, sai bayan kaka ya ajiye sanda. Waken kuwa tsutsa ta cinye rabinsa, ba wanda ya ko tambaya.

Ga abin da nake roƙon duk wanda ya karanta ya isar wa na ƙauye. Kada a hura bakin feshi da baki, kada a goya tanki mai yoyo, kada a sayi maganin da ba shi da suna. In abin ya faru, ba nono ba manja. A tuɓe shi a wanke da sabulu, a nufi asibiti da kwalbar. Duk abin fata da ke jikinsa, takalmi ne, ɗamara ce, laya ce, a rabu da shi. In allura ta sa shi sambatu a yi haƙuri a gaya wa likita. In kuma ya yi gumi, kada a raba lemo. Allah Ya saka wa likitan nan da nas ɗin nan da mai kemis na Runka. Mai yankan kati kuma Allah Ya shirye shi.

Da ƙaramar salla na je gida. Muna zaune a tsakar gida da hantsi, Yaya ya shigo gaishe da Inna. Ta kau da kai ta amsa wa bango, kamar kullum. Bai tashi ba. Ya zauna yana wasa da bakin tabarma, ya ce da ni, amma da ƙarfin da za ta ji:

"Kin san duk abin da anka yi a asibitin nan ban tuna ba. Abu guda ya tsaya mani. Na ji wata murya ta kira sunana. Na san muryar tun ina goye, amma ban taɓa jin sunana a cikinta ba."

Saude ta tsaya da tankaɗe. Inna ta ci gaba da tsince wakenta a faifai, ba ta ɗago ba.

"Ki ce wa yayanku zahin allura ne," in ji ta. "Ai har shanu ya gani."

Yaya ya yi murmushi ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya fita. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace a zaure na ga ɗigo biyu sun faɗa a kan waken, ta yi maza ta rufe su da hannu.